Abin da littafin asusu ya nuna mana a kan sukari da haƙoran yara

Ƴan uwa mata na ƙungiyoyin asusu, na Imanan da Kurfai da Tagazar, da duk inda takardar nan ta kai. 

Mu mata 28 ne a wani ƙauye kusa da Bonkuku. Kowace Alhamis bayan la'asar muke haɗuwa gindin dogon yaro, kowa ta zuba dala arba'in ta asusu, da dala biyar ta taimako. Tsarin nan ne da kuka sani na Mata Masu Dubara, wanda aka faro a jihar Maraɗi a 1991: akwati ɗaya, kwaɗo uku, mabuɗi uku a hannun mata uku. Da yake mun yi karatun yaƙi da jahilci, shugabanci da duba littafi duk a kanmu suka faɗo. Al'adarmu kuwa, ranar rabo ba a taɓa kuɗi sai an karanta littafi da ƙarfi daga farko har ƙarshe, don wadda ba ta iya karatu ba ta ji da kunnenta.

Ranar rabon bara, da aka zazzage jakar taimako kan tabarma, abin da ya fito bai cika tafin hannu ba. Aka yi shiru. Ma'ajiya har ta fara rantsuwa, muka ce mata ta dakata, ba wanda ya zarge ta, bari littafi ya yi magana. Muka fara karantawa. Haihuwa. Rasuwa. Masassarar yaro. Haƙori. Haihuwa. Haƙori. Haƙori. Cikin fitar kuɗi 19 na shekarar, bakwai na ciwon haƙori ne, kuma biyar daga ciki na yara ne da ba su kai shekara goma sha biyu ba. Wata daga baya ta ce, "To mu asusu muke ko likitar haƙora?" Aka yi dariya. Mu dai da ke riƙe da littafin ba mu yi ba, don biyu daga cikin bakwai ɗin nan gidanmu suka tafi.

Da muka koma gida da dare muka sake buɗe littafin, wannan karon shafin bashi. A nan kowa takan faɗi sana'ar da za ta yi da kuɗin, mu rubuta. Alawa. Soɓo. Alawar madara. Ƙanƙarar leda. Tuwon madara. Garin lemo na ƴan fakiti. In ka cire masu kiwon tumaki da masu sayen irin dankalin turawa, kusan duk sauran bashin da muke bayarwa, abu na farko da ake saye da shi sukari ne. Kuma wa ke sayen kayan? Ba baƙi ba ne daga Filinge ko Baleyara. Ƴaƴanmu ne, bakin ƙofar lakwal, da dala biyar ɗin da mu muka ba su da safe.

Bari mu ba ku labarin gidanmu, don kada wata ta ce muna nuna yatsa.

Autarmu shekararta takwas. Abin ya fara ne da ta daina shan ruwan randa, sai ta bar moɗa a rana ya yi ɗumi. Daga nan muka lura gefe ɗaya take tauna. Muka ce famfara ce, haƙoran nono ne, za su zube wasu su fito. Ko buɗa bakinta ba mu yi ba. Sai kukan dare ya zo. Duk uwar da ta taɓa kwana da yaro mai ciwon haƙori ta san irin kukan nan, ba ya da hawaye da yawa, nishi ne, yaro ya dafe kumatu ya dinga jujjuya kai kan tabarma har asuba. Muka daka kanumfari muka cusa. Muka ba ta ruwan gishiri mai ɗumi ta kuskure. Muka sayi ƙwaya wurin mai tebur. Kowane yakan lafar da shi yini ɗaya, ya dawo.

Ran kasuwa surukarmu ta ce a kai ta wurin mai cire tsutsa. Muka kai ta. Ya ɗora wasu ƴan iri kan kasko mai zafi, ya kifa mazurari, ya ce ta buɗe baki hayaƙi ya shiga. Can sai ya nuna mana wasu ƙananan abubuwa farare, siraran gaske, cikin ruwan ƙwarya. Ya ce ga su nan, biyar, sun fito. Wallahi mun gani da idonmu, kuma mun yarda. Muka biya jika ɗaya muna godiya. Sai daga baya aka bayyana mana cewa irin ne ke fashewa da zafi, ɗan farin tsiron da ke cikinsa ya fito ya faɗa ruwa, ko ba baki a wurin haka zai yi. Bayan kwana biyu kumatun yarinya ya kumbura har ya fara rufe ido, jikinta kamar garwashi.

A likita majo ya rubuta mana ordinansi, ya ce wannan zai sace kumburin ne kawai, haƙorin kuwa sai an kai ta Yamai wurin masu aikin haƙora. Kun san gwamnati tun 2006 ta ɗauke kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar, to ita ta wuce nan. Kuma lokacin ban ruwan dankali ne, maigida ba ya iya barin garka ko yini ɗaya. Mu muka ɗauke ta muka shiga mota, ga halin da hanya take ciki shekarun nan, kowa ya sani, ba sai mun faɗa ba. Kuɗin mota zuwa da dawowa, da magani, da aikin, da abin da muka riƙa wa masu masaukinmu, sun haura jika talatin. Ribar soɓo da alawar madara ta gidanmu ta wata huɗu ke nan.

Amma ba kuɗin ne ya fi ƙona mana rai ba. Lokotoron, mace ce, ta sa ɗan madubi a bakin yarinya, ta kira mu ta ce mu leƙa. Wani babban turmi can baya, ya rafke, baƙi ƙirin a tsakiya. Muka ce, "Ai na nono ne, a cire, wani zai fito." Ta ce, "A'a Mama, wannan ba na nono ba ne." Ta ce haƙoran nono 20 ne, na girma 32. Turmi huɗu na farko na girma suna fitowa ne wajen shekara shida, can bayan na nono, kuma babu haƙorin da ke faɗuwa kafin su fito, shi ya sa uwaye ba sa lura da zuwansu. Su ne za su yi wa mutum tauna har tsufa. Na yarinyarmu shekara biyu kawai ya yi a duniya. Ya wuce a cike shi, aka cire. Ba wani mai fitowa a gurbinsa.

Sai ta tambaye mu me yarinya ke ci daga safe zuwa dare. Muka ce abin da kowa ke ci, koko, fura, tuwo. Ta ce, "Ban da su fa?" Muka fara lissafi da yatsu, muna yi kunya tana rufe mu. Koko da safe, da sukari. Alawa lokacin da aka fito hutun ƙarfe goma. Ƙanƙarar leda in an taso. Shayi na uku na babanta, wanda ya fi kowane zaƙi, ita ake miƙa wa. Garin rogo da sukari da la'asar. Da dare kuma gutsattsarin alawar da ta farfashe a faranti, wadda ba ta sayuwa, sai mu ce yara su cinye kada ta lalace. Da ita a baki take barci. Sau shida ke nan, kullum ta Allah, kuma rabin wannan da hannunmu muka dafa shi.

Ga yadda ta bayyana mana, mu ma haka muka maimaita wa ƙungiya. Babu tsutsa. Abin da ke akwai wasu ƙwayoyin halitta ne ƙanana da ido ba ya gani, suna zaune cikin farin dattin nan mai yauƙi da ke mannewa a haƙori. Kowa na da su. Abincinsu sukari. In sun ci, sai su fitar da wani ruwa mai tsami, shi ne ke cin farin ɓawon haƙori mai tauri. Mu mutanen fadama ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun san yadda ƙasa mai kanwa ke cin gindin katanga sannu a hankali, sama lafiya lau, ƙasa tana zaizayewa, har ranar da za ta kife. To Allah ya yi mana mai gyara a baki, shi ne miyau. Yana wanke tsamin, yana mayar wa haƙori abin da ya rasa. Sai dai yana son lokaci. Daga sanda zaƙi ya shiga baki, cikin ƴan mintoci tsamin ya tashi, kuma sai an yi rabin awa ko awa guda kafin baki ya koma daidai. In kafin ya gama gyara an sake jefa wata alawa, aiki ya koma baya. Shi ya sa yawan sau nawa ya fi yawan cokali nawa ɓarna. Abin da ke mannewa kamar alawar madara ya fi wanda ake haɗiyewa nan take daɗewa yana aiki. Na dare kuwa ya fi duka muni, don in mutum ya yi barci miyau na ƙafewa, ba mai wanki har gari ya waye.

Alhamis ɗin da muka kawo maganar nan gaban ƙungiya, ba a karɓe ta da hannu biyu ba. Gwaggo, wadda ta girme mu duka, ta tuɓe goro daga baki ta ce, "Ku dai kun cika son zancen lokotoro. Mu munka tashi ba buroshi, ba man goge baki, aswaki kaɗai, ga haƙoranmu nan kuna gani. Wanga ciwo tsutsa ce, kuma wanda Allah ya ɗora ma shi za ya yi."

Muka ce, "Gaskiyarki Gwaggo, ba mai ja da ikon Allah. Amma don Allah, kina yarinya sau nawa kike shan sukari?"

Ta yi dariya har da tafi. Ta ce, "Sukari? Wa ya ba mu? Cikin jikkar baba shike, dunƙule guda kamar kan tabarya, sai baƙo na kirki ya zo a fasa mishi. Mu sai ran salla, ko in kana kwance ba lahiya a ɗan lasa maka. Hura da nono munka sani, gaya, ba komi ciki." Daga nan ta shiga lissafa zaƙin zamaninsu, tana jin daɗi: magarya da kanya da aduwa da goriba, kowace da lokacinta, rake in ɗari ya shigo fatake sun kawo, zuma in an dace. Ba ta gama ba wata ƙaramar yarinya cikinmu ta ce, "To Gwaggo ai kin ba da amsa da kanki." Gwaggo ta harare ta, ta mai da goronta.

A nan dole mu yi adalci. Tsofaffinmu ma suna rasa haƙora, amma in kun lura nasu girgiɗi suke yi su fita lafiyayyu, ba rami. Wannan ciwon dasashi ne, hanyarsa daban. Wanda muke magana a kai shi ne na kogo, mai fara wa da ɗigon fari kamar alli, ya koma ruwan ƙasa, ya zama rami. Shi ne ya yi yawa a bakin ƴaƴanmu fiye da na kakanninsu.

Da hutu ya zo, ɗan ƙanwarmu da ke karatun aikin likita a Yamai ya zo gida. Muka roƙe shi ya zauna da mu Alhamis ɗaya, ya zo da wayarsa ya karanta mana abin da masana suka gano, yana fassarawa. Abu uku suka tsaya mana a rai.

Na farko nan kusa ne, Najeriya. Wani likitan haƙora mai suna Aubrey Sheiham ya duba bakunan mutane a can, ya fitar da sakamako a 1967. Lokacin abin da mutanen ke ci na sukari bai wuce giram 2 a yini ba, wato ko rabin ƙwaya ɗaya bai kai ba. Cikin mutum 100, yara da manya da tsofaffi, biyu kawai ya samu da ruɓaɓɓen haƙori. A Amurka kuwa, inda buroshi da likitoci suka yi yawa amma sukari ya fi su yawa, cikin manya 100, 92 sun taɓa yin kogon haƙori. Gwaggo ta ce, "To kun ji, mu ne mutanen da munka hi Amurka." Muka ce ƙwarai, a da.

Na biyu Japan. Kafin yaƙin duniya na biyu, mutum ɗaya a can yakan ci wajen kilo 15 na sukari a shekara. Yaƙi ya yanke shi, har a 1946 bai kai ko kilo ɗaya ba. Ruɓewar haƙoran yara ta faɗi ƙasa. Da zaman lafiya ya dawo sukari ya dawo, ciwon ma ya biyo shi.

Na uku ya sa wasunmu suka yi salati. A ƙasar Suwidin, wani asibitin masu taɓin hankali da ake kira Vipeholm, daga 1945 zuwa 1953, likitoci suka yi gwaji a kan majinyata fiye da 400. Wasu aka ba su sukari tare da abinci kawai. Wasu aka riƙa ba su alawa mai danƙo tsakanin abinci, har guda 24 a yini. Na farkon haƙoransu ba su lalace sosai ba, na biyun kuwa suka rafke. Zalunci ne, don bayin Allah nan ba su san abin da ake yi da su ba, kuma yau ba a yarda a yi irinsa ba. Amma da yaron ya karanta, sai muka kalli juna. Abin da aka yi musu da gangan, kusan shi muke yi wa namu da ƙauna.

Ya kuma gaya mana cewa Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha, har da zuma da ruwan lemo, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a yini, in da hali ma ya tsaya ƙasa da kashi 5. Ga babban mutum wannan kamar giram 50 ne, ko 25 in ana son lafiyar haƙori sosai. Na yaro bai kai haka ba. Mu giram ba ya shiga kanmu, sai muka aika aka sayo kwalin sukari mai ƙwaya, muka jera a faifai. Giram 50 kamar ƙwaya goma. Giram 25 kamar biyar. Lemon kwalba mai baƙin ruwa, gwangwani ɗaya, kamar ƙwaya bakwai ke ciki. Madarar gwangwani mai kauri da mai shayi ke tsiyayawa, kusan rabinta sukari ne. Sai kowa ta ɗebi ƙwayoyi ta ajiye gabanta daidai abin da take jin ɗanta na sha a yini. Ba wadda tata ta tsaya a biyar. Kwalin bai ishe mu ba.

Nan ne wata ƴar uwarmu, mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar, ta yi maganar da har yau ba mu gama amsa ta ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Yaya, na ji duk abin da anka ce, kuma ban musa ba. To mi za ni saida? Ba ni da garka, ba ni da tunkiya. Alawar ga da kuke gani ita ka ba ɗiyana hura. In na bari, ke za ki ciyar da su?"

Ba mu da abin cewa. Gaskiya ce tsantsa. Sana'ar zaƙi ita ce sana'ar wadda ba ta da komai. Jarinta kaɗan, ba ta son gona, ba ta ruɓewa kamar tumatir, kuma ba ta kwantai, don yaro mai dala biyar ba ya ciniki. Ita ce ma ta sa bashinmu ke dawowa kan lokaci, har muke alfahari a taron ƙungiyoyi cewa ba mu da mai cin bashi. Masu ba da shawara daga nesa sukan ce a rage sukari, kamar dai kashe fitila ne. Ba su taɓa zama gaban uwar marayu da littafin bashi a cinya ba. Amma kuma mu ne muka ga bakin yarinyarmu a madubin nan. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, ba za mu ɗora wa yara laifin kwaɗayi ba alhali mu ke jera musu faranti a hanya.

Sai maganar shayi. Kun san Imanan, mu da Buzaye da Zabarmawa zama ɗaya muke, kuma shayi ya zama na kowa. Baƙo bai sauka ba in ba a ɗora buta ba. Da muka taɓo zancen a gida, maigida ya ce, "Ke, yanzu har shayi ya zama laihi?" Muka ce a'a, shayinsa nasa ne, shi babba ne, haƙoransa ya san ciwonsu (biyu ma ba su nan, amma wannan ba mu faɗa ba). Roƙonmu ɗaya, na ukun nan da ake miƙa wa yara, musamman na bayan isha'i, a daina. Ya yi kwana biyu yana gunaguni, ranar na uku muka ji da kansa yana kora su. Ba kowane gida aka samu haka ba. Wata ta ce nata ya ce shi da shayi na uku ya girma, ba abin da ya same shi.

Watan azumi kuma nasa daban ne. Kwali-kwali na sukari ake kai wa surukai, wanda bai kai ba sai an yi da shi. Ba mu ce a bar zumunci ba. Amma mu lura, a watan nan daga magariba har sahur bakin yara ba ya hutawa, kunu, soɓo, lemo, shayi, ga su ba azumin suke ba, da rana ma sun sha nasu.

Abin da muka tsayar a ƙungiya ba mai yawa ba ne, kuma ba mu hana kowa sana'arta ba. Mun yarda cewa a gidajenmu zaƙi zai riƙa bin abinci, yaro ya ci tuwonsa ko shinkafarsa, a ba shi alawarsa nan take, ya kuskure baki da ruwa, shi ke nan sai gobe. Jinjiri da bai kai shekara biyu ba, ba a sa masa sukari a kunu, tunda bai san shi ba, ba zai nema ba sai mun koya masa. Da dare a goge baki, bayan nan ba abin da zai shiga sai ruwa. Aswaki sunna ne kuma yana cire dattin nan mai yauƙi, ba mu bar shi ba. Amma mun fitar da kuɗi daga akwati mun sayo man goge baki mai sinadarin fulor da ƙananan buroshi a sari, muna sayar wa junanmu ba riba, don shi fulor yana taya miyau ƙarfafa ɓawon haƙori. Majo ya ja mana kunne a kan yawansa: ɗan ƙasa da shekara uku kamar ƙwayar shinkafa, daga uku zuwa shida kamar ƙwayar wake, a tofar, kada a haɗiye. Ya tuna mana da Tibirin Gobir, inda daga 1985 ruwan famfo mai fulor fiye da kima ya lalata haƙora da ƙasusuwan yara masu yawa kafin a gane. Kaɗan a kan haƙori magani ne, da yawa a ciki cuta.

Kuma Alhamis ɗin farko ta kowane wata, kowa takan zo da ƙananan yaranta, mu haska tocila mu duba turamen nan na baya. Yara sun mai da abin wasa, suna layi suna gwada wa ya fi buɗe baki.

Ta ɓangaren bashi, bayan doguwar gardama aka yarda cewa duk wadda ta karɓa don abin da ba zaƙi ba, kamar gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ƙosai, awara, dafaffen ƙwai, soyayyen dankali ko kwaɗon zogale, za a rage mata rabin abin da ake ɗorawa a kai. Wannan ya rage mana rabon ƙarshen shekara, kuma akwai waɗanda har yanzu suke jin haushinsa. Uku suka gwada. Mai awara ta samu kasuwa, har tana neman mai taya ta niƙa. Mai ƙwai ta yi sati shida ta koma alawa, ta ce ƙwai in bai ƙare ba yau gobe asara ne. Mu a gidanmu mun bar alawar madara, soɓo kuma muna rage masa sukari kaɗan-kaɗan muna ƙara citta da kanumfari. Satin farko masu saye suka ce mun fara rowa. Yanzu sun daina faɗa, ko sun saba ne ko sun gaji, oho. Kuma kada mu ruɗe ku, yaron da bai samu alawa a farantinmu ba, kanti na nan tsallaken hanya da minti da cingam da biskit. Abin da muke da iko a kai shi ne dala biyar ɗin safe, da abin da ke shiga baki bayan isha'i.

Alhamis da ta wuce, uwar marayun nan ta nemi bashin jika goma. Muka ɗauki biro muka ce, "Na mi za mu rubuta?" Ta ce, "Rubuta biyar sukari, biyar gujiya. In ga wadda za ta riga ƙarewa." Muka rubuta yadda ta ce, masu mabuɗi suka buɗe, ma'ajiya ta ƙirga mata.

Ita kuwa auta, giɓin ya warke, tana cin abinci da kyau. Amma a duban watan jiya mun ga ɗigo mai ruwan ƙasa a kan turmin ɗaya gefen, ƙarami kamar ƙwayar gero. Majo ya ce wannan in an yi sauri cikewa za a yi, ba cirewa ba. Mun fara ware kuɗin mota a ƙullin zane, da zarar an haƙe dankali za mu koma Yamai.